Famfon da Ya Fi Ƙarfin Tankin Iya Amarya

Ɗari biyu da goma sha bakwai Iya Amarya ta ƙirga, ban da waɗanda kaji suka riga ta. Da hannunta ta tsince su daga cikin caɓi, ɗaya bayan ɗaya, tana jefawa a tsohon kwano. 'Ya'yan tarwaɗa ne, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, rana ta busar da bayansu, cikinsu ya yi fari. Da hantsi ta fita gaisuwar mutuwa, ta bar su suna wasansu a tanki lafiya lau. Ta dawo bayan azahar ta tarar bayan gidanta ya zama fadama, durom ɗin ƙasa ya ƙafe ƙaf, famfo yana ta gurnani a busasshen wuri kamar zai kama da wuta. Ranar Litinin ke nan.

Duk Gafasa babu wanda bai san Iya Amarya ba. Sunan ya manne mata tun ranar da aka kawo ta garin, shekara arba'in da ɗoriya. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, haƙora sun fara tafiya, suna yana nan daram. Ba ta taɓa zama a aji ba. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta, bakinta kuwa ba ya ajiye magana ta huce.

Wata ƙungiya ce daga Kano ta zo ta koya wa matan garin kiwon kifi a gida, ta bar musu tanki ɗaya na gwaji da 'ya'yan kifi ɗari biyar. Aka ajiye a gidan Iya saboda tana da fili, tana da rijiya. Tankin roba ne mai cin jarka arba'in, an ɗora shi a kan dakalin bulo. Ruwan da kifi suka ɓata yana gangarowa ta wani siririn bututu zuwa durom a ƙasa, ya bi ta tsakuwa da gawayi ya tace, sai famfo ya ɗauke shi ya mayar sama. Farantin sola a kan rufin ɗaki ke ba famfon wuta, babu batir, in rana ta yi ƙarfi ya yi ƙarfi, in ta yi sanyi ya yi sanyi. Komai an kawo shi a mota, famfon kaɗai aka ba ta takarda ta je wani shago a Gaya ta karɓo. Ɗayyabu, saurayin da ke tsaron shagon, shi ya biyo ta ya haɗa, da la'asar sakaliya, sama duk hadari. Ruwa ya zubo a hankali gwanin sha'awa, ya goge hannu a wando ya hau babur ɗinsa. Kwana biyu garin yana lulluɓe da gajimare. Rana ta uku rana ta buɗe, aka yi abin da aka yi.

Ranar Talata Malama Fauziyya, sakatariyar ƙungiyar matan, ta kira Ɗayyabu ya zo ya duba. Yaushe ya zo? Da yamma liƙis, bayan ya rufe shago. Ya haɗa waya, ruwa ya zubo sannu-sannu kamar mai jin kunya.

"To, Iya, ga shi nan. Ina matsalar?"

"Matsalar tana cikin kwanon can. Je ka leƙa."

Bai leƙa ba. Idonsa ya sauka kan ledar gishiri a gefen dakali. Ya tsoma yatsa a tanki, ya ɗanɗana, ya dubi Fauziyya yana danne dariya.

"Iya, miya kika ɗora? Ai kifin ruwan daɗi ne wannan, ba na teku ba. Gishiri ya ishe su, suka yi ta tsalle suna faɗowa. Ruwan kuma ƙila kin cika shi da guga kin manta."

"Malamin da ya koya mana shi ya ce a zuba tafin hannu uku in an kawo sababbi! Don kada ciwo ya kama su. Fauziyya, kina wurin. Faɗa masa."

Fauziyya ta sunkuyar da kai. Tana wurin, gaskiya ne, amma ɗaukar hoto take da waya lokacin da malamin yake bayani. Ta buɗe littafi ta fara rubutu.

"Iya, ki yi haƙuri, ba ni ba ce, doka ce. In aka yi asara saboda sakaci, sai a canja gida. Zan tura rifot Kano. Ranar Asabar za a kwashe tankin da ragowar kifin a kai gidan Sadiya."

"Sakaci? Ni?"

"Haka injiniya ya ce."

"Injiniya! Wannan da na san ranar da aka fara saka masa wando?"

Ba ta san ranar ba, ba ta ma san uwarsa ba, amma ta faɗa, kuma ba ta janye ba.

Kafin gari ya waye magana ta gama Gafasa. Matar da ta zo sayen mai da safe ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya wai ko akwai ragowar miyar kifi. Wata ta aiko a tambaya ko gishirin ya ji ko a ƙaro. Iya ta auna musu mansu, ta sallame su da abin da ya sawwaƙa a bakinta. Shekara arba'in tana soya ƙuli a garin nan, ba a taɓa dawo mata da shi an ce gishiri ya yi yawa ba. Yau ita ce za a ce ba ta san awo ba? A kwashe tanki daga gidanta a kan amalanke, ana kallo, a ratsa da shi ta tsakiyar gari?

Ranar Laraba ba ta ɗora tukunya ba. Ta ciro gidan sauronta ta ɗaure bakin tankin da shi tamau don kada ko ɗaya ya sake faɗowa. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta haɗa waya, ta zuba ido. Da hantsi ruwa yana zuba daidai. Rana tana hawa, muryar famfon tana sauyawa. Kafin inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ruwan ya koma feshi, yana dukan cikin tanki yana juya kifin kamar ana dama fura. Ta ga ruwan tanki yana hawa, na durom yana sauka. Yana hawa, yana hawa, har ya taɓa gidan sauro ya fara kwarara ta ko'ina.

Ta fizge wayar.

Wannan abu ai ta san shi. Kullum tana yin sa da mazurari da kwalba. In ka zuba mai fiye da yadda wuyan mazurari yake haɗiya, ta baki zai dawo maka, ya ɓata maka zane. Famfon yana turo ruwa sama fiye da yadda siririn bututun yake iya mayarwa ƙasa, shi ke nan maganar. Amma ta san in ta faɗa da baki za a ce tsohuwa ce take surutu. Awo suke so? To, za ta ba su awo.

Ta ɗauko jarka, ta ciro carbi daga wuya. Ta sake haɗa waya, ta tara jarka a bakin tiyon da ke zuba a sama, tana ja: Subhanallah, Subhanallah. Ƙwaya ashirin, jarka ta cika har tana tumbatsa. Ta juye, ta koma ƙasa ta tara a bakin bututun da ke gangarowa. Ta ja, ta ja, ta wuce talatin da uku na farko, ta wuce na biyu, sai a saba'in jarka ta cika. Ta sake yi sau uku don kada ta ɗauki alhakin kowa. Ashirin a sama, saba'in a ƙasa. Ta tsaya a cikin rana, zanenta sharkaf, ta ce da ƙarfi har kaji suka watse, "Miya ko? Za ka sha miya."

Ranar Alhamis ta ɗaure kwanon matattun kifin a tsumma, ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga motar Gaya. Kwana uku ke nan da mutuwarsu. Mutanen motar suka yi ta toshe hanci suna leƙa ƙarƙashin kujeru, direba ya ce ko wani ya ɗauko mushe ne. Iya ta ce ƙwarai, kuma mai shi yana jira a Gaya.

Shagon yana kusa da tasha, injinan ban-ruwa jere a bakin ƙofa, ja da kore, tiyo a naɗe kamar gammo. Manoma uku suna zaune a benci suna taya wani inji. Ɗayyabu yana bayan kantar shagon yana danna waya. A can ciki, kan buzu, wani dattijo mai farin gemu yana shan shayi. Shi ne Malam Badaru, mai shagon, kawun Ɗayyabu.

Iya ta yi sallama sau ɗaya, ta ɗora kwanon a kan kantar shagon, ta kwance tsumma, ta buɗe murfi. Manoman suka miƙe tsaye a tare.

"Innalillahi! Iya, mene ne haka?" in ji Ɗayyabu, yana ja da baya.

"Miyarka ce. Ka ce na ɗora, ga shi na kawo maka. Ɗanɗana, tunda kai mai ɗanɗane ne."

Malam Badaru ya ajiye kofi ya taso. "Hajiya, lafiya? A rufe kwanon mu yi magana."

"Ban je Makka ba, Malam, kada ka yi mini Hajiya. Amarya sunana, daga Gafasa. Kwano kuma ba zai rufu ba sai an ji ni. Yaron nan ya ba ni famfon da ya kashe mini kifi, sannan ya tsaya a tsakar gidana ya ce ni na kashe su da gishiri. An rubuta a takarda. Jibi za a kwashe tanki daga gidana. Mata suna aiko mini yara da tsokana. Ni ban iya karatu ba, amma na iya zuwa inda aka cuce ni."

"Kawu, wallahi na je na gwada a gabanta," in ji Ɗayyabu. "Lafiya lau yake aiki."

"Da wane lokaci ka je?" ta tambaya.

"Da yamma."

"Da ka haɗa fa?"

"Da yamma."

"To, kifina da rana suka mutu. Kai da kake sayar da kayan rana, ba ka san rana tana da tsaka ba?"

Ɗaya daga cikin manoman ya ƙyalƙyale da dariya a bayan hularsa da ya toshe hanci da ita. Ɗayyabu ya ji zafin dariyar, ya ɗaga murya.

"To, tunda abin tonon asiri ne, a tona. Kawu, tambaye ta abin da ta ce ranar da ta zo. Na ɗauko mata ɗan ƙarami, ta ce wai na raina ta don na gan ta tsohuwa. Ta ce a ba ta babba, irin wanda ake ba maza. Ta nuna wancan da yatsa. Ƙarya nake, Iya?"

Iya ta gyara mayafi.

"Ba ƙarya kake ba. Na faɗa."

"To!"

"To me? Ni ce mai shago? In na je kemis na ce a yi mini babbar allura irin ta shanu don kada a raina ni, sai a yi mini? Takarda na kawo maka. Ni ban san abin da ke cikinta ba, kai ka sani. Aikinka ne ka ce, Iya, wannan ba naki ba ne, zai yi miki ɓarna. In na zage ka, ka shanye, ai an zagi waɗanda suka fi ka. Amma ka ji tsoron bakina ka ba ni abin da zai kashe kifi, da suka mutu kuma ka ɗora mini. Na farkon mu biyu muka yi shi, na yarda. Na biyun kai kaɗai ka yi."

Malam Badaru ya juya. "Ina takardar?"

Ɗayyabu ya buɗe aljihun tebur, ya rufe. Ya duba ƙarƙashin littafi. Ya sosa ƙeya. Ya ce kamar ya naɗe wa wani mutumin Ajingi kusoshi a ciki.

"Me aka rubuta?"

"Ban riƙe ba, Kawu. Amma fisabilillahi, shekara takwas ina shagon nan, wa ya taɓa dawo da inji don ya yi girma? Kowa kuka yake ya yi kaɗan. Ku tambayi waɗannan."

Manoman suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce shi dai a gonarsa ruwa bai taɓa yawa ba.

"Gonarka tana da baki?" in ji Iya. "Gona shanyewa take. Tanki ba ya shanyewa. Abin da ya hau sai ya sauko, ta bututu mai kaurin babban yatsana. Ashirin yake hawa, saba'in yake sauka."

"Ashirin ɗin me?" in ji Malam Badaru.

Ta ciro carbin ta ɗaga, ta yi masa bayanin jarka. Ɗayyabu ya ce yanzu kuma da carbi ake auna famfo? Ta ce ƙwarai, ita tana awo tana samun lada, shi da digirinsa na waya me ya samu ban da wari? Dattijon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon carbin, sannan ya ce gobe Juma'a, tsakar rana ta masallaci ce. Jibi zai zo da kansa, da yaron, da duk ƙananan famfunan da ke shagon.

"Jibi za a kwashe tankin."

"Ki riƙe su har rana ta take."

"Zan riƙe su. Kwanon kuma na bar muku, ku wanke ku taho mini da shi."

Ranar Asabar tun da hantsi Fauziyya ta iso da amalanken shanu da maza biyu. Suka tarar Iya ta shimfiɗa tabarma a gaban dakali ta miƙe ƙafa, ta jingina da tankin.

"Iya, don Allah kada ki ba ni wahala. An riga an yi disaidin."

"A yi ta yi. Wanda zai ɗaga tankin nan kafin rana ta take, sai ya fara ɗaga ni. Ku zo, ga ni, ba ni da nauyi."

Mazan suka dubi juna, suka koma inuwar darbejiya suka zauna. Ba su ga wanda zai sa su taɓa sa'ar uwarsu ba. Kafin wani lokaci mata sun cika gidan, wasu da goyo, wasu da tsintsiya a hannu kamar wucewa suke. Sadiya ma ta zo, ta rakuɓe a bakin ƙofa tana cewa ita fa ba ta roƙa ba, ce mata aka yi. Iya ta ce ta sani, ta shigo ta zauna, ba da ita take ba.

Wajen sha ɗaya da rabi babur ya tsaya a ƙofar gida. Malam Badaru ya yi sallama, aka ba su hanya, Ɗayyabu yana biye da kwalaye uku a ɗaure da roba. Sai ga wani gajimare, baƙi, mai faɗi, ya taso daga gabas ya zauna a kan rana. Ɗayyabu ya haɗa waya. Ruwa ya zubo a hankali, salin-alin.

"Ga shi nan dai," ya ce, yana duban mata. "Kowa ya gani."

Fauziyya ta duba agogon wayarta. "Iya, masu amalanke suna da wani aikin."

"Su jira."

"Har yaushe?"

"Har Mai rana ya buɗe abarsa. Ke kika rufe ta?"

Aka jira. Wata ta ce ko a kawo gishiri a ƙara, aka yi 'yar dariya. Iya ba ta ko waiwaya ba, amma ta gane muryar, ta ajiye ta a ranta. Gumi yana bin wuyanta. Tana kallon gefen gajimaren inda ya fara yin fari. In hadarin nan ya haɗe, shi ke nan, an gama da ita.

Sai inuwar katanga ta fito a ƙasa, baƙa wuluk. Muryar famfon ta ɗaga. Ruwa ya fara feshi, ya doki cikin tanki, kifin suka shiga juyawa suna karo da juna. Mata suka matso. Ruwa yana hawa a idon kowa. Ya taɓa gidan sauro, ya kumbura shi, ya ɓalle ta kowane gefe, ya jiƙa wa Ɗayyabu takalma. A ƙasa durom ya ƙafe, famfo ya fara wannan gurnanin.

"Cire! Cire!" in ji Malam Badaru.

Iya ta miƙe. "Wa ya zuba da guga yanzu? Ku duba hannuna. Ɗayyabu, ni na cika shi na manta?"

Ya sunkuya yana kakkaɓe takalmansa.

Ta sa aka mayar da ruwa durom, ta miƙa masa jarka ta ce shi zai tara, ita za ta ja. Fauziyya ta ce bari ta duba da agogon waya a ga ko zai yi daidai. A sama Iya ta tsaya a ashirin, waya ta ce daƙiƙa ashirin da ɗaya. A ƙasa Iya ta tsaya a saba'in, waya ta ce saba'in da biyu. Fauziyya ta dubi wayar, ta dubi carbin.

"To, kwance wannan jibgegen," in ji Malam Badaru. "Kawo mai bi masa."

Ɗayyabu ya durƙusa a caɓi ya canja. Ya ce wannan rabin wancan ne, a kwalinsa an rubuta lita dubu uku a awa, dole ya yi. Iya ta ce kwali ba ya kiwon kifi, tara jarka. Arba'in da ɗaya.

"Ya yi yawa. Cire."

"Iya, ai ana iya sa masa makunni a rage..."

"A rage, ranar da na fita unguwa wani ya murɗa? Cire."

Ya ɗauko mafi ƙanƙanta, ɗan mitsitsi kamar kwalbar turare. Da ƙyar ruwan ya hau tsayin dakalin, ya fito yana ɗiga kamar hawaye. Iya ta zagaye carbi sau biyu jarka ba ta cika ba. Malam Badaru ya ce abin da aka rubuta a kwali na kwance ne, in ruwa zai hau sama sai ya rage, wannan kuwa hawan ya cinye shi. Iya ta ce da wannan kifi sai su kwana cikin kashinsu. Cire.

Saura ɗaya. Ɗayyabu ya juya kwalin a hannunsa, sannan ya ce a hankali shi ne wanda ya fara ɗauko mata ran nan.

"Na gane shi," in ji Iya. "Ba sai ka yi shela ba. Haɗa."

Ruwa ya zubo da kaurin yatsa biyu, ba feshi, ba ɗiga. Ta ja carbi, har ana jin ƙwayoyin suna haɗuwa. Tamanin da biyu. Ta sake, tamanin. Abin da yake hawa bai kai abin da bututu yake iya saukarwa ba, da 'yar rata. Ta tsinke karan dawa ta tsaya da shi a cikin tanki, ta yi alama da farce daidai bakin ruwa. Aka tsaya ana kallo. Ruwa bai wuce farcen ba. Kifin suka daina juyawa, suka bazu, wasu suka taso sama suna buɗe baki.

"Wannan," ta ce.

Malam Badaru ya ce alhamdulillahi, kuma 'ya'yan kifin da suka mutu shi zai sa a kawo madadinsu daga Wudil cikin mako. A yafi juna. Ɗayyabu ya fara tattara kwalaye.

"Ban gama ba," in ji Iya. "Malam, na gode da kifi. Amma ba kifi ya kai ni Gaya ba. A nan ya tsaya ya faɗa, a nan zai tsaya ya warware. Ga matan nan, ga mai rubutu."

Ɗayyabu ya dubi kawunsa. Kawun yana kallon sama. Ɗayyabu ya miƙe, gwiwoyin wandonsa duk laka, ya ce cikin ƙasa-ƙasa da murya famfon ne ya yi girma.

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Famfon ne ya yi girma! Ba gishiri ba ne. Ban gwada da rana ba. Iya, ki yafe ni."

"Wadda ta ce a kawo gishiri a ƙara, ta ji? Kina bayan Sadiya, ina ganin ɗankwalinki."

Ɗankwalin ya nutse. Iya ta juya kan Fauziyya ta ce a yaga waccan takardar. Fauziyya ta ce ai ta riga ta tura ta waya tun Laraba. Iya ta ce to a tura wata ta bi ta ta kashe ta, yanzu, kuma a karanta mata da Hausa kafin a tura, kada a saka mata Turanci a tsakiya. Fauziyya ta rubuta, ta karanta: asarar daga famfo ce, ba daga mai kiwo ba, an canja famfo, tanki zai ci gaba da zama a gidan Iya Amarya. Iya ta sa ta maimaita layin ƙarshe. Ta sa ta danna a gabanta. Sannan ta leƙa waje ta ce wa masu amalanke su kora shanunsu, sun cika mata ƙofar gida da kashi.

Mata suka fara zamewa biyu-biyu. Malam Badaru ya ce to, su ma za su kama hanya, shago yana rufe. Iya ta ce shi ya je Allah ya kiyaye hanya, ya hau motar Gaya, yaron da babur ɗinsa suna nan.

"Iya, ai an gama," in ji Ɗayyabu.

"Wa ya ce? Rana ba ta gama zafi ba. Sau biyu kana gwada mini abu ka tafi kafin ya nuna halinsa." Ta tura masa kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ta danƙa masa karan dawar. "Riƙe. Idonka a kan farcen nan har a kira la'asar. In ya wuce, ka kira ni."

"A rana zan zauna?"

"A rana na zauna ranar Laraba."

Ya zauna. Ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗebo gyaɗa, ta hura wuta, don kwana biyar ke nan ba ta soya ƙuli ba.